A jefa a faranti kowa ya gani

Shekara 16 ke nan muna zama a ƙofar gidan Dattijo, a nan Damagaram, bayan sallar isha'i. Benci biyu ne da tabarma, da murhun gawayi, da butar shayin da ta sha liƙi. Fadarmu ba ta da suna a jikin bango irin na samarin yanzu. Mu takwas ne, kuma kusan kowa da sana'arsa ake kiran sa: akwai Tela, akwai Manjo da ke aiki a asibitin unguwa, akwai Direba, akwai Mai Shago, ni kuwa Mushe, ko da yake babu wanda na taɓa koya wa ko baƙi ɗaya a cikinsu. Mun yi suna tare, mun yi jana'iza tare, mun taɓa yin karo-karo muka fid da ɗayanmu daga bashi. Zaɓe ma ba baƙonmu ba ne. Na 2011 da na 2016 a kan bencin nan suka same mu, aka yi gardama har jijiyar wuya ta tashi, aka sha shayi na uku, kowa ya tafi gida.

A zaɓen 2020 ne abin ya so ya fi ƙarfinmu, kuma a kan yadi ya faro. Shekarar ta zo wa Tela da wuya. Korona ta rage bukukuwa, ɗinkin anko ya ja baya, ga yara bakwai a gida. Da kamfe ya kankama, sai wata jam'iyya ta kawo masa yadi bandir-bandir, ya ɗinka wa mata da samari kayan zuwa mitin. Ya karɓa, ya ɗauki yara biyu suna taya shi, keke na kuka har tsakar dare. Wani dare, tsakanin zaɓen ƙananan hukumomi na 13 ga Disamba da na shugaban ƙasa na 27, Manjo ya dubi zaren da ya maƙale a hular Tela ya ce, “Ashe yanzu ƙuri'ar mutum da yadi ake auna ta.” Da dariya ya faɗa, wasu ma sun taya shi. Tela bai ce uffan ba. Ya shanye kofin farko, ya ajiye, ya sa takalmi. Wanda ya san fada ya san abin da ake nufi idan mutum ya tashi kafin shayi na biyu alhali ba a aiko kiran sa ba.

Ba zan faɗi wace jam'iyya ce ba, ba zan kuma faɗi wanda kowannensu ya zaɓa ba. Ni dai abin da ke ba ni mamaki kullum shi ne sunayen da jam'iyyun ƙasar nan suka zaɓar wa kansu da Hausa: Tarayya, Nasara, Rahama, Lumana, Zaman Lahiya, Kishin Ƙasa. In ka jera su a allo sai ka ce darasin tarbiyya za ka yi wa ƴan CP. Amma a ƙarƙashin waɗannan sunaye ne mutum biyu da suka ɗauki makarar mahaifin ɗayansu tare suka koma ba ko sallama. Tela ya yi kwana goma bai zo ba. Da Dattijo ya aika masa ya dawo, sai ya zauna a ƙarshen benci ɗaya, Manjo a ƙarshen ɗayan. Mai zuba shayi ya riƙa lura kada kofi ya bi ta hannun wannan zuwa na wancan. Dattijo ya kafa doka cewa ba maganar siyasa a ƙofar gidansa sai an gama zaɓe. Dokar ta yi aiki fiye da kima, don sai muka tarar ba mu da wata hirar. Muka zauna cikin sanyin hunturu kowa da wayarsa a hannu, yana sauraron muryoyin WhatsApp a kunne ɗaya, yana satar kallon fuskar ɗan'uwansa.

A cikin wannan hali ne ɗan yayata ya zo hutu daga jami'a a Yamai. Wata rana na tarar da shi a zaure da ƙannensa, ya zazzage wata ƴar jaka a kan tabarma. Abubuwa ne kamar ɗan lido, sai dai wani fuska 4 gare shi, wani 8, wani 12, babban cikinsu fuska 20. Na tambaye shi ina allon wasan. Ya ce, “Kawu, babu allo, babu kati, babu kuɗi.” Na ce to wa ke cin wasan? Ya ce babu mai ci. Ko dai ƴan wasa su tsira tare, ko su halaka tare.

Ya yi mini bayani. A Amurka aka fara buga littafin irin wannan wasa a 1974, wasu mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka sa masa suna Dungeons & Dragons, daga nan ire-irensa suka yaɗu. Mutum ɗaya ne ke jan labari. Shi ke faɗin inda ake, da abin da ido ke gani, da wanda aka gamu da shi a hanya. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, da takardar da aka rubuta ƙarfinsa da wayonsa da iya bakinsa da rauninsa. Idan aka zo wurin da za a iya yin nasara ko a faɗi, ɗan wasa ya faɗi abin da zai yi, mai labari ya yanka lambar da ake bukata, a jefa ɗan lidon. In ya kai, an dace. In bai kai ba, labari ya juya ta inda ba wanda ya shirya, har shi mai labarin.

Da farko na ɗauke shi shiriritar ƴan jami'a. Amma da na zauna na saurara, sai na ji abin ba baƙo ba ne ƙwarai. Rabinsa tatsuniya ce, sai dai a nan mai sauraro ba ya tsayawa a “ta zo mu ji ta”, shi ma yana da ta cewa a kan abin da Gizo zai yi. Ɗaya rabin kuwa duk ɗan Damagaram ya san shi, wato wasan kara. Muna yara mun ga yadda bayan kaka samari ke naɗa shugaban ƙasa da sarki da ministoci da sojoji a tsakaninsu, da kayan aikin da aka ƙera da kara, a yi ta kwaikwayon tafiyar manya da maganarsu, su manyan na kallo suna dariya. Wanda aka naɗa ba ya wasa da matsayinsa, kuma ba wanda ke riƙe shi a zuci a kan abin da ya faɗa da bakin wani. Wannan na ƙarshen ne ya tsaya mini a rai.

Dodanni da matsafan littafinsa ban ga inda za su zauna a bencinmu ba, don haka na ajiye su. Na ɗauko abin da nake koyarwa a darasin tarihi: ayarin fatake a zamanin Sarki Tanimun, ya tashi daga Damagaram ya bi ta Damargu zai je Agadas da fatu da turkuɗi da gero. Na rubuta takardu da bik a bayan tsofaffin jarrabawa. Akwai madugu, akwai jagaba mai sanin hanya da rijiyoyi, akwai malamin ayari, akwai maƙeri, akwai wani yaro mai kiwon raƙuma da ya gudo daga gida. Kafin ɗan yayata ya koma, ya bar mini ɗan lido mai fuska 20, ya kuma ba ni wata shawara. Ya ce mai labari yana da damar ya yi nasa jifan a ɓoye, a bayan littafi, kuma masu wasan da yawa suna ganin ba laifi in ya ɗan sassauta sakamako don labari ya yi daɗi. Na riƙe wannan shawara fiye da yadda ya kamata.

Daren farko an yi mini dariya son rai. Direba ya ce ashe albashin malamai ya kai inda za su fara tatsuniya da dare. Amma zaman shiru ya ishi kowa, sai aka karɓi takardu. Da gangan na miƙa wa Tela madugu, na miƙa wa Manjo jagaba. Ayari ba ya motsi sai waɗannan biyu sun yi magana.

Muka tashi, muka yi zango biyu lafiya. A na uku na ce sun iso rijiya da la'asar sun tarar ta ƙafe, salkunansu kuma ba za su wuce kwana ɗaya ba. Akwai wata rijiyar gabas, tafiyar yini, amma an ce ƴan fashi na kwana kusa da ita. Akwai wata arewa, tafiyar yini biyu. Na yi shiru. Kowa ya yi shiru. Ruwan shayi na tafasa har yana zuba a gawayi. Can sai Manjo, idonsa a kan takardarsa, ya ce, “Madugu, ni a ganina mu yi gabas.” Tela ya gyara zama, shi ma bai ɗaga kai ba, ya ce, “Jagaba, in aka kashe mini mutane, kai za ka gaya wa iyayensu?” Maganar farko ke nan da ta shiga tsakaninsu cikin mako uku. Suka yi ta ja-in-ja a kan rijiyar da babu ita, har Dattijo ya ce dare ya yi.

Na koma gida ina jin kaina wani gwani. A dare na biyu raƙumin jagaba ya ci wata ciyawa ya kumbura. Na jefa a bayan kayena, lamba 3 ta fito, na ce raƙumi ya mutu. Manjo ya yi tsaki, ya haƙura. Allah ya sani 3 ɗin ce ta fito.

A dare na uku ƴan fashin suka afka wa zango. Tela, wanda wasan ya riga ya shige shi, ya ce madugu zai fita shi kaɗai da takobi ya tsare bakin hanya har a ɗaure kaya. Na ce wani ɗan fashi ya auna shi da mashi. A raina na yanka cewa in jifa ya haura 12, mashi ya same shi a ƙirji. Na jefa a bayan kaye. Sai ga 19.

Na dubi Tela. Mutumin nan da ƙyar aka dawo da shi, yau ga shi har yana miƙewa tsaye yana nuna yadda ake riƙe takobi. Na ce a raina in na kashe madugunsa, zai ga kamar an haɗa baki ne, ya sa takalmi, wannan karon kuma ba mai dawo da shi. Sai na ce, “Mashi ya wuce ta gefen rawani, ya cake a ƙasa.” Aka yi shewa. Ban lura ba ashe jikan Dattijo, yaro ɗan shekara tara mai kawo mana gawayi, yana tsaye a bayana. Da muryar nan tasu ta yara da ba ta san rufi ba ya ce, “Mushe, ai 19 ce.”

Manjo ne ya fara. “To raƙumina fa?” Na rantse masa cewa na raƙumi gaskiya ne. Ya ce, “Da wace shaida? Wa ya gani?” Ba ni da amsa. Jifa ɗaya na murɗe, amma duk wanda na yi a baya ya zama abin tuhuma, har waɗanda na yi tsakani da Allah. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Tela. Na zaci zai yi shiru tunda shi aka yi wa alfarma. Ashe shi ya fi kowa jin zafi. Ya ce, “Mushe, wa ya ce maka ina neman a tausaya mini? Wancan ya ce an saye ni da yadi, kai kuma ka saye ni da mashi?” Suka haɗu a kaina su biyu, wannan na kama wa wancan magana. Rabon da su yarda da juna a kan wani abu tun kafin kamfe. Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ranar da sufeto ya kama ni ban shirya darasi ba a shekarata ta farko.

Dattijo ne ya raba gardamar. Ya kwashe kofuna daga farantin shayi, ya goge shi da gefen riga, ya ajiye a tsakiya ƙarƙashin fitila. Ya ce daga yau a faɗi lambar da ake nema da ƙarfi kafin a jefa, a jefa a faranti kowa na gani, wanda ya faɗo waje ba a lissafa shi, kuma dokar ta hau kan mai labari kafin kowa. Sannan ya ce 19 ta riga ta fito, madugu ya mutu. Tela ya ninke takardarsa da kansa ya sa a aljihu. Muka yi wa madugu jana'iza a cikin labari, Mai Shago da ke riƙe da malamin ayari har da gyaran murya. Washegari Tela ya dawo a matsayin ƙanen marigayi. Da aka zo naɗa sabon madugu aka ce a ɗaga hannu, ya ɗaga wa jagaba. Ya dubi Manjo ya ce, “Jagaban na zaɓa don ya san hanya. Ba kai ba.”

A makon nan ne kuma abin ya biyo ni har aji. Ina riƙe da CM2, yara 68. Shugaban ajinmu iyayensa sun ƙaura, sai na ce a sake zaɓe. Ƴan takara uku suka fito, maza biyu da mace ɗaya. Abin da na gani a kwana biyun kamfe ɗinsu ya isa a yi wa iyaye taro a kansa. Ɗaya ya zo da ledar alawa yana rabawa a lokacin hutu. Ɗaya ya sa abokansa suna bin yarinyar da waƙar zambo. An yi alkawarin cewa in an ci ba za a ƙara rubuta sunan masu surutu ba. Ba wanda ya koya musu wannan a aji. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na yi yadda na saba yi shekara 20. Kowa ya rubuta suna a ƴar takarda, na bi layi na tattara a hulata, na ce su fita hutu, na zauna a teburina na ƙirga, suka dawo na rubuta sakamako a allo. Yarinyar ce ta ci. Kafin in ajiye alli, yaron da ya zo na biyu ya miƙe ya ce an yi maguɗi. Na ce wa ya yi? Ya ce shi dai bai ga ƙirga ba, kuma babansa ya ce duk wanda ya faɗi zaɓe a ƙasar nan sace masa aka yi. Da a bara ne, da na ce ya durƙusa a gaban allo don rashin kunya. Amma kwana biyu kacal da maganar Manjo, tana nan a kunnena. Ban murɗe ko takarda ɗaya ba, amma teburina da bayan kayena duk abu ɗaya ne. Shekara 20 ina koya wa yara cewa ƙirga abu ne da babba ke yi shi kaɗai, su nasu su ji sakamako su yi tafi. A makarantar horon malamai an koya mana yadda ake shirya darasin zama ɗan ƙasa, da manufarsa da matakansa da tambayoyin ƙarshe, na kuma ci jarrabawar da kyau. Ban taɓa kawo wa raina cewa hular nan ma darasi take bayarwa ba.

Muka sake. Aka samo kwalin alli aka huda, aka nuna wa kowa cikinsa babu komai. Kowane ɗan takara ya ba da wakili. Yaro ɗaya na buɗe takarda ya ɗaga sama, wani na karantawa da ƙarfi, wata na jan sanda a allo, biyar-biyar. Ya ci mana darasin lissafi ɗungurungum. Yarinyar ta sake ci, da ƙuri'a biyu ƙasa da na farko. Yaron ya ɓata rai, ya yi kwana biyu ba ya ɗaga hannu a aji, amma bai ƙara cewa an sace masa ba. Na alawa kuwa ya zo na uku duka sau biyun, abin da har yanzu yake ba ni dariya. Sun sha alawarsa sun zaɓi wadda suke so.

Da na ga haka sai na kai musu wasan ayarin ma, ranar Laraba da yamma, ga masu so. Nan na taka wani abin da ban hango ba. Wani uba ya zo har lakwal, ransa a ɓace, ya ce an gaya masa ina koya wa yara caca. Na ce babu kuɗi a ciki, babu mai ci babu wanda ake ci. Ya ce shi dai ɗan lido ne ya gani a hannun ɗansa, kuma ya ji malamai na hani da wasa da shi. Ban yi masa gardama ba, don ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba, kuma ɗansa ne. Na je wurin limamin unguwarmu na kwashe labari na gaya masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in bar abin da ke sa zukatan iyaye shakka, tunda ba shi ne maƙasudi ba. Ya ce in abin da nake nema shi ne hanyar yanke abu ba tare da son ran kowa ba, ai ƙuri'a tana nan, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ta tsakanin iyalansa idan zai yi tafiya. Na yanka takardu 20, na rubuta lamba a kowace, na nannaɗe na zuba a ƙwarya. Yaro ya sa hannu ya zaro, ya buɗe a gaban kowa. Uban ya zo ya gani ya ce wannan ba laifi. Sai a hanyar gida na lura cewa kalmar da liman ya ba ni ita ce dai wadda muke ta faɗa a kanta tun Disamba. Bahaushe da ya tashi raɗa wa zaɓen zamani suna, sunan wannan tsohuwar hanyar raba gardama ya ba shi.

Ranar 21 ga Fabrairu 2021 aka yi zagaye na biyu, tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane, bayan ƴan takara 30 na zagayen farko. Kamar malamai da yawa, ina cikin masu aikin rumfar zaɓe, a wani aji irin nawa, da tebura a jingine a bango. Da aka rufe aka zo ƙirga, duhu ya fara, muka kunna fitila. Ni ke buɗe takardu. Kowace na ɗaga ta sama, na juya ta ga wakilin wannan, na juya ta ga wakilin wancan, sannan a faɗa a rubuta. Wani daga cikin abokan aikin ya ce, “Mushe, a haka sai asuba.” Na ce ko da asubar ce.

Can wajen tsakiya na buɗe wata takarda da tawada ta faɗa kusan kan layin da ya raba hotunan biyu, ta ɗan fi karkata gefe ɗaya. Gefen da ta karkata shi ne wanda ni na zaɓa da safe. Wakilan sun gaji, ɗaya na hamma, ɗaya na duba waya. Da na faɗi suna na wuce, ba mai cewa komai, kuma ina iya gaya wa kaina cewa ai niyyar mai ita a fili take. Irin muryar da ta ce mini in kautar da mashi ce, mai taushi, mai kama da hankali. Na ce a dakata. Na ajiye takardar a tebur ƙarƙashin fitila na ce kowa ya matso. Aka yi minti goma ana gardama a kan ɗigon tawada, daga ƙarshe aka yarda a sa ta cikin waɗanda suka lalace. Wakilan biyu suka sa hannu a takardar sakamako ba tare da an roƙe su ba. A daren muka ji cewa a jihar Tillaberi motar ma'aikatan zaɓe ta taka nakiya, mutum 7 sun rasu. Mutane ne da suka fito aiki irin wanda na fito.

Sauran kowa ya sani. Hukumar CENI ta ba Bazoum kashi 55 da ɗoriya cikin ɗari, Ousmane ya ce shi ya ci, aka yi tarzoma a Yamai, aka yanke intanet na waya wajen kwana goma. A fadarmu ɗaya na murna a ɓoye, ɗaya na cizon yatsa a fili. Da dokar Dattijo ta ƙare, na ba su labarin takardar nan mai ɗigon tawada, ina jin zan burge. Manjo ya ce, “Mushe, farantinka ƙarami ne. Ƙasar nan ta fi faranti faɗi. Daga rumfarka zuwa Yamai hannu nawa takardar ke bi?” Gaskiyarsa ce, ban kuma yi ƙoƙarin kare kaina ba. Aji ɗaya aka ba ni, da rumfa ɗaya, da yara 68 da a cikinsu wani wata rana zai zauna a inda ake tattara lambobin. Tela ya ce shi ko ma wa ya ci, har yau ba a biya shi cikon kuɗin ɗinkinsa ba. Manjo ya yi dariya har da tari, sannan ya ce wannan kam zalunci ne, in ana zuwa karɓowa a kira shi.

Kwanakin da babu intanet sun yi wa wasan rana, don har waɗanda ke yi mana kallon mahaukata sun matso da kujerunsu. A farkon Maris matar Manjo ta haihu. Ranar suna da sassafe na ga Tela ya shigo da ƴar leda, rigunan jariri uku a ciki, ya miƙa ta cikin gida bai ce komai ba, ya zauna a tabarma aka ba shi goro. Har yanzu ba su yarda da juna ba a kan wanda ya ci zaɓe, kuma ban ga alamar za su yarda ba. Maganar yadi ma ba wanda ya ba wani haƙuri a gabanmu.

Ayari dai yana zango biyu kafin Agadas, ruwa ya yi ƙasa, an kuma ce akwai masu karɓar fito a gaba. Muna so mu isa kafin azumi. Jikan Dattijo yanzu shi ke riƙe da faranti, shi ke karanta lamba. Jiya ma, ana cikin ɗaura kaya, Manjo ya sake tayar da maganar raƙuminsa, ya ce shi har gobe bai yarda 3 ce ta fito ba.